Kofin Farfesa da Rantsuwata

Shafi na 11

Assalamu alaikum. Masu cika mini waya da "Baba ci gaba", na gani. Ba na son gaggawa. Ga shi.

Wanda ya shigo yau, ga taƙaitawa. Ni ne Alhaji Tankari, mutumin Maradi. Shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik ina da ofis a benen Tianxiu, a Guangzhou, ina loda takalma zuwa gida. 'Yata Balkissa ce ke riƙe mini takardu. Ta samu gurbi a wata jami'a ta garin, digiri na biyu, wai karatun kasuwanci. Ta kawo mini takardar gurbin ranar Juma'a a harabar Masallacin Huaisheng, gaban mutane. Na ce shekara talatin ina kasuwa, ba wanda ya zaunar da ni a benci. Na ce wallahi ba zan biya mata wannan karatu ba. Kowa ya ji.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da na huta. Ta ninke takardar ta sa ƙarƙashin kalkuleta, ta ci gaba da aiki. Kwana goma sha biyu ina ganin gefen takardar nan.

Rana ta sha uku na tafi jami'ar ni kaɗai. Suna da ƙungiyoyin masu tallafa wa sashen kasuwanci, hawa uku: ta Gora, ta Siliki, ta Lu'ulu'u. Mai kula da su Madam Liang ce, tana jin Faransanci kamar a Yamai aka haife ta. Na ce wacce ce ta sama? Ta ce Lu'ulu'u. Na ce sa ni. Sharaɗina biyu. Kada a ambaci sunana. Kuma tallafin ya tafi ga ɗaliba mace, 'yar Nijar, 'yar Maradi, doguwa, mai wushirya. Ta ce in tsaya a Maradi, ya isa.

Saboda haka ni ban biya wa Balkissa karatu ba. Ƙungiya na ba. Ƙungiya ta ba jami'a. Jami'a ta duba 'yan Maradin da ke gabanta ta zaɓa. Rantsuwata na nan. Wanda bai gane ba ya sake karantawa.

Inda aka samu matsala, jami'a ta buga a takardarta cewa mai kyautar wani Bahaushe ne da ke kasuwa a Tianxiu. Mutane suka shiga duba-duba. Suka tsaya kan Alhaji Munkaila, mai ofishin da ke kallon nawa. Shi bai taɓa cewa shi ne ba. In an tambaye shi sai ya lumshe ido ya ce, "A bar maganar nan. Ba don mutane ake yi ba."

Yau labarin walimar ƙungiya ne.

An ɗage ta saboda wasanni, lokacin biza ta yi wuya, rabin bene sun koma gida. Sai a watan Nuwamba aka yi, ranar Asabar da rana. Aka gayyace mu, mu goma sha biyu daga Tianxiu, ko wani zai ji sha'awa ya shiga ƙungiya. Na tafi da taubashina Harouna. Bai san komai ba. Bakinsa ba ya riƙe ruwa, balle magana.

Tun a bakin ƙofa ya fara.

"Taubashi, kai ma ba kunya ka zo?"

"Gayyata ta aka yi."

"Za ka ci abincin da wani ya biya wa 'yarka?"

"Zan ci."

"Allah ya ƙara lafiya. Ni da ni ne, da sai in sa baƙin tabarau."

A zauren shiga akwai bango guda, an liƙa masa alluna na tagulla, kowanne da sunan mai kyauta. Na Gora a ƙasa, na Siliki a tsakiya, na Lu'ulu'u a sama. Na san nawa. Na uku daga hagu. Madam Liang ta nuna mini ranar da aka kafa shi. Rubutun Sinanci ne, wai "Aboki mai son ɓoye sunansa".

Munkaila na tsaye a ƙarƙashinsa. Shadda fara, sabon ɗinki, hula ta karkace. Mutanen bene na ɗaukar shi hoto da waya.

"Haba, ku daina," yake cewa. "Ku daina mana." Yana gyara tsayuwa.

Sai ya miƙa hannu, ya sa bakin hannun rigarsa ya goge allon. Allona. Har da hura masa iska.

Harouna ya zungure ni.

"Ka ga yadda ake uba?"

"Na gani."

"Koyi."

Munkaila ya hango ni, ya taho da hannu biyu.

"Alhaji Tankari! Barka da zuwa, barka da zuwa. Ka sami wurin da sauƙi?"

Shi ke yi mini barka da zuwa.

"Na samu."

"Af, Alhaji, ka gaya wa Hajiya kilishin nan ya yi daɗi. Na Maradi daban ne."

"Wane kilishi?"

"Wanda Balkissa ta kawo mini. Na ce kada ta yi wahala. Yarinyar nan ba ta jin magana."

Kilishin da matata ta aiko mini ke nan. Sati guda ina neman sa a ofis. Har na zargi ɓera.

Na ce, "Za ta ji."

Aka shiga. Tebura masu zagaye, kusan ashirin. Mu aka ba mu biyu, abincinmu daga gidan abincin Musulmi aka kawo. Balkissa na teburin ɗalibai, kusa da namu, da takardar jawabinta a hannu. Ita za ta yi godiya a madadin waɗanda aka tallafa wa. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ni, gaisuwa gajera. Ta juya ga Munkaila.

"Baba Munkaila, an kawo maka ruwan zafi? Na ce musu ba ka shan sanyi."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ni ma ba na shan sanyi. Shekara goma sha ɗaya. Ba wanda ya tambaye ni.

Aka yi jawabai. Wani mai kamfanin fanka ya yi magana rabin awa. Wata mai sayar da gidaje ta yi kuka. Aka kira 'yan Gora suka tashi, aka tafa kaɗan. Aka kira 'yan Siliki, aka ƙara. Da aka zo Lu'ulu'u, aka tafa har da tsayuwa. Ni ina zaune ina tafa wa kaina a ɓoye, da yatsa biyu, ƙarƙashin tebur.

Daga nan shugaban sashen, Farfesa Ou, ya fara zagaya tebura. Tsoho ne siriri, kansa fari fat. Al'adarsu ce: babban mutum ya bi baƙi ɗaya-ɗaya, a haɗa kofi da kofi, a ce "gambe", a kurɓa. Mu lemu aka zuba mana. Madam Liang na bayansa tana gaya masa sunaye a kunne.

Ya iso teburinmu. Ya haɗa da Harouna, ƙwas, ya wuce. Ya haɗa da Munkaila, ƙwas, ya wuce. Munkaila ya buɗe baki zai yi jawabi, mutumin ya riga ya bar shi.

Ya iso kaina. Madam Liang ta raɗa masa wani abu. Ya tsaya. Ya ɗaura maɓallin kwat. Ya riƙe kofi da hannu biyu.

Na miƙe, na miƙa nawa.

Sai ya saukar da nasa ƙasa da nawa.

Ni na ga yadda ake yi: baki da baki ake haɗawa. Na ɗauka tsufa ne, hannunsa ya sauka. Na saukar da nawa in same shi.

Ya ƙara saukarwa.

Na bi shi.

Ya kai daidai tebur. Na kai. Ya wuce ƙasan tebur. To ni ba a guje mini. Na taɓa bin direban da ya gudu da kayana tun daga Kwatano har Gaya. Na tattara babbar riga na bi kofin nan.

Ya kai gwiwa. Na kai gwiwa.

Ya tsuguna. Na tsuguna.

Mu biyu, tsofaffi, a tsugune tsakanin kujeru, kofuna sun kusa taɓa kafet. Yana cewa wani abu da Sinanci yana girgiza kai. Ina cewa, "Tsaya mana, bawan Allah!" Gwiwata ta yi ƙara. Tasa ma ta yi.

Harouna ya leƙo daga sama.

"Taubashi, allura kuka yar?"

A ƙarshe Farfesa ya ajiye kofinsa a ƙasa, a kan kafet, ya kwantar da shi kaɗan ya taɓa gindin nawa. Ƙwas. Ya yi dariya har da hawaye. Madam Liang ta ɗaga shi, Harouna ya ɗaga ni. Duk zauren aka tafa. Ban san me ake tafa wa ba. Na zauna na gyara hula.

Da na ɗaga ido, Balkissa na kallona. Ba ta tafa ba. Ba ta dariya.

Ta taso.

"Baba, zo ka ga wani abu a waje."

"Ina cin abinci."

"Ba zai huce ba."

Muka fita barandar da ke bayan zaure. Ta rufe ƙofa.

"Baba, ka san Farfesa?"

"Yau na fara ganin sa." Gaskiya ne.

"Me ya sa ya kai kofinsa ƙasa?"

"Tsoho ne. Hannunsa na rawa."

"Hannunsa bai yi rawa a kan Kawu Harouna ba. Bai yi a kan Baba Munkaila ba."

"Ya gaji kafin ya iso ni."

"Baba, a nan, wanda ya saukar da kofinsa ƙasa da naka, cewa yake ka fi shi. Ƙarami ke yi wa babba. Tun da nake a makarantar nan, ban taɓa ganin Farfesa ya saukar wa kowa ba, sai mai kamfanin fanka, shi ma yatsa biyu. Kai ya kai maka har kafet."

"Ya ga furfura."

"Ya girme ka."

"To ya ga kwarjini."

"Baba."

Na juya ina duba itatuwa. Suna da itatuwa masu kyau a jami'ar nan.

"Kai ne?"

"Ni ne wa?"

"Ka biya mini karatu?"

"Ban biya miki karatu ba."

Ta yi shiru. Uwarta ce sak. In ta yi shiru, lissafi take.

"To. Ka ba ƙungiya wani abu?"

"Shinkafata na hucewa."

"Kana cikin ƙungiyar Lu'ulu'u?"

"Ke 'yar sanda ce?"

"Ka rantse ba kai ba ne."

"Na bar rantsuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun yanzu."

Ta rufe baki da takardar jawabi. Kafaɗarta na rawa. Ban sani ba dariya ce ko kuka. Ban tambaya ba.

"Kilishin Inna," ta ce. "Na ɗauki kilishin Inna na kai wa mutumin nan. Na yi masa dambu sau uku. Na gyara masa takardun kwastan kyauta."

"Ba ni na aike ki ba."

"Kana kallo!"

"Ina kallo."

"Me ya hana ka magana?"

"Na yi magana a masallaci. Mutum arba'in suka ji. Ba na magana biyu."

"To ai ka yi."

"Ban yi ba. Ƙungiya na—" Na kama bakina.

Ta ɗaga gira.

"Ƙungiya ka me?"

"Ƙungiya na ganin dama ta ba wanda take so. Ina ruwana."

Ta gyara ɗankwali. Muryarta ta sauka, ta zama irin wadda take yi wa 'yan masana'anta in sun kawo kaya ba daidai ba.

"Shi ke nan, Baba. Tunda ba kai ba ne, bari in gaya maka abin da ban gaya maka ba. Baba Munkaila ya ce in na gama, in koma ofishinsa in riƙe masa."

"Me?"

"Na ce masa ni na yi alkawari tsakanina da Allah: wanda ya ɗauki nauyin karatuna, shi zan yi wa aiki shekara biyu, ko nawa zai ba ni."

"Ya ce me?"

"Ya lumshe ido. Ya ce Allah ya ba ni ikon cikawa."

"Ke! Kin san masana'antuna duka. Kin san farashina. Kin san masu sayena na Damagaram da Agadas."

"Na sani."

"Ki kwashe ki kai ofishin da ke kallon nawa?"

"Alkawari ne, Baba. Ni ma ba na magana biyu. A gida na koya."

Aka buɗe ƙofa. Madam Liang ta leƙo, ta ce lokacin jawabi ya yi. Ta kalle ni, ta kalli Balkissa, ta ce da Faransanci, "Ni ban faɗa ba." Ta ɓace.

Na koma na zauna. Kujerata na tsakanin Harouna da Munkaila. Munkaila na sakace haƙori.

Na ce masa a hankali, "Alhaji, allon nan na waje. Naka ne?"

Ya lumshe ido.

"Alhaji Tankari, a bar maganar nan."

"Tambaya na yi. E ko a'a."

"Abin da aka yi don Allah, ba a tone shi."

"Wace ƙungiya ka shiga?"

"Mm?"

"Hawa uku ne. Wanne?"

"Ai… duk ɗaya ne a wurin Allah."

Harouna ya sa baki.

"Taubashi, bar bawan Allah. Hassada ba kyau ga mai ciwon gwiwa."

Balkissa ta hau dandamali. Ta yi magana da Sinanci, aka tafa. Ta yi da Turanci, aka tafa. Ban gane ba, amma ba ta yi in-ina ko sau ɗaya ba. Mai kamfanin fanka na gyaɗa kai. Farfesa na gyaɗa kai. Na ce a raina, da kuɗin takalma aka yi wannan. Ban ce a fili ba.

Sai ta ninke takardar. Ta ce tana roƙon izini ta yi wa iyayenta magana da harshensu. Ta juyo teburanmu.

"Iyayena na Tianxiu, sannunku da zuwa. Wanda ya ɗauki nauyin karatuna yana cikinku. Ya ce kada jami'a ta faɗi sunansa, jami'a ba ta faɗa ba. Ni ma ba zan faɗa ba."

Duk suka juya ga Munkaila. Ya sunkuyar da kai, yana murmushi.

"Amma na yi alkawari zan yi masa aiki shekara biyu. Ranar Litinin da safe nake son farawa, bayan darasi. Ina buƙatar in san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Ba sai ya yi magana ba. Ya miƙe tsaye kawai, a gaban shaidu."

Sinawa ba su ji Hausa ba, amma sun ga kowa ya bar cokali.

Ban motsa ba. Na ce a raina, ba zai yi ba. Lumshe ido daban, miƙewa daban. Ko Munkaila yana da iyaka.

"Alhaji, tashi mana," in ji wani daga ɗaya teburin.

"Haba, haba," in ji Munkaila.

"Tashi, asiri ya riga ya tonu!" in ji Harouna.

"Kuna sa ni abin da ba na so."

Ya ajiye tsinken sakace. Ya goge baki. Ya tura kujera baya. Ya tattara shaddarsa a kafaɗa, dama da hagu. Ya dafa tebur. Mazauninsa ya bar kujera.

Gwiwata na ciwo tun tsugunon nan. Ina buƙatar abin dafawa. Na dafa kafaɗarsa, na danna da duk nauyina. Ya koma kujera, tim. Ni na miƙe.

"Zauna," na ce. "Ni ne."

Harouna ya saki cokali.

"Kai wa?"

"Ni."

"Kai da ka rantse a—"

"Na san inda na rantse."

"Innalillahi. Taubashi! Miskinai goma za ka ciyar! Ni ne na farko, rubuta sunana!"

Munkaila na murza kafaɗa.

"Ai ni dama tashi zan yi in nuna shi," ya ce. "Ni ban taɓa cewa ni ne ba. Wa ya ji na ce?"

Ba wanda ya kula shi. Wayoyi goma sun juyo kaina. Cikin masu riƙe da su, bakwai suna harabar masallaci ranar da na rantse. Farfesa ya miƙe yana neman kofinsa. Na ɗaga masa hannu, kada ya fara.

Na ɗauka an gama. Na fara neman kujera.

Balkissa ta zare makirufo daga sandarsa. Ta sauko daga dandamali, tana tafe a hankali tsakanin tebura, wayarsa na jan ƙasa a bayanta. Ta tsaya a gabana. Idonta jawur. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata, ta ɗaga makirufon da hannu biyu har bakina.

"Baba," ta ce, muryarta ta cika zauren. "Na can baya ba su ji ba. Karatun me ka ce ka biya?"